Tashin Almasihu a Gaban Masu Binciken Tarihi

Jama'a, barkanmu da yamma. Mu fara da abin da kusan duk masana tarihi suka yarda da shi, masu bi da marasa bi: an gicciye Yesu a zamanin Bilatus Babunti, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. Har Tasitus, marubucin tarihi Baromen da ba ya ga-maciji da Kiristoci, ya rubuta haka wajen shekara ta 116. Na san maƙwabtanmu Musulmi suna da tasu fahimtar daga Suratun Nisa'i, aya ta 157, kuma wannan zance ne na wani zaman.

Gardamar tana kan abin da ya biyo baya. Shaida mafi daɗewa tana cikin 1 Korintiyawa 15, wasiƙar da Bulus ya rubuta wajen shekara ta 54. Ya ce shi ma karɓa ya yi: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Bitrus, da sha biyun, da mutum fiye da 500, da Yakubu ɗan'uwan Yesu. Ashe maganar ta girmi wasiƙar. A Galatiyawa ya faɗa mana ya yi kwana 15 wurin Bitrus a Urushalima, ya kuma ga Yakubu. Shi ya sa ko Gerd Lüdemann, masanin Sabon Alkawari Bajamushen da ya musa tashin, ya amince cewa wannan shaida ta fara yawo 'yan shekaru kaɗan bayan gicciyewar.

To me ya faru? Reimarus, wani masani Bajamushe a ƙarni na 18, ya ce almajirai ne suka sace gawar, zargin da tun a Matiyu 28 ake yinsa. Crossan, wani masanin Sabon Alkawari na zamaninmu, ya ce wataƙila ba a ma binne shi ba, don Romawa kan bar gawa a kan gungume. Sai dai a 1968 an tono ƙasusuwan wani Yehohanan da aka gicciye a Urushalima, ƙusa na nan a dugadugansa, kuma a kabarin dangi aka ajiye shi.

Kada mu ɓoye wa yaranmu wuraren da ke da wuya, 'yan'uwa. Linjilar Markus, a tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4, ta tsaya a 16:8, matan suna gudu a tsorace. Linjilu huɗun ba su zo ɗaya ba kan yawan mata da mala'iku a bakin kabari. Gara su ji daga bakinmu a coci da su ci karo da shi a intanet.

Bayanin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na Lüdemann: baƙin ciki da nadama ne suka sa Bitrus ya ga Yesu cikin wahayi. A kan Bitrus yana iya zama da ma'ana. Amma Bulus farautar masu bi yake yi, ba makoki ba. Yakubu kuwa, Yohanna 7:5 ta ce 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba, ga shi ya zama jagoran ikilisiyar Urushalima, har Yosifus, marubucin tarihi Bayahude, ya rubuta cewa an jefe Yakubu a shekara ta 62. A nan ne wannan bayanin ya kasa gamsar da ni. Mai tambaya ya ɗaga hannu.