Aunawa daban, isarwa daban: yaushe ya kamata zakkar fidda kai da kayan Sallah su shiga hannun mabuƙaci?

Wannan da kuke gani a bidiyon nan Kasuwar Muda Lawal ce a cikin garin Bauchi, a kwanakin ƙarshe na azumi, lokacin da mai mudu ba ya samun sararin ɗaga kai. Tun da aka shiga goman ƙarshe saƙonni ke ta zuwa mana a kan tambaya guda: mutum ya auna zakkar fidda kai a daren Sallah, ya ɗaure buhun ya jingine shi a zaure, bai samu wanda zai kai ba sai bayan an sauko daga Idi, shin ya fitar ko bai fitar ba? An yi ta jayayya a kan wannan a Facebook da WhatsApp, wasu na cewa niyya ta wadatar, wasu na cewa ya yi asara, shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan mataki ɗaya, mu bi sauran da sauri.

Abin da kusan kowa ya sani shi ne an wajabta zakkar fidda kai a shekara ta 2 bayan Hijira, kuma magidanci ne ke fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ke wuyansa, babba da yaro, mace da namiji. Ma'auninta sa'i ɗaya ne ga kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, kuma mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne na mutum matsakaici, ba wannan mudun kasuwar da ake tsiro masa kai ba. Sa'in yakan kama kilo 2 da rabi zuwa 3 gwargwadon irin hatsin. Ana fitarwa daga abincin da mutanen gari suka fi ci, wanda a nan ya haɗa da masara da gero da dawa da shinkafa. Batun bayar da kuɗi a madadin hatsi tsohon saɓani ne, Imam Abu Hanifa ya halatta, Imam Malik da Shafi'i da Ahmad sun tsaya a kan abinci, kuma ba shi ya tara mu yau ba.

Abin da ya tara mu shi ne lokaci. A hadisin Abdullahi ɗan Umar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a bayar da ita kafin mutane su fita zuwa sallar Idi. A hadisin Abdullahi ɗan Abbas kuma an bayyana cewa tsarki ce ga mai azumi daga yasasshen zance, abinci ce ga miskinai, wanda ya bayar kafin sallah zakka ce karɓaɓɓiya, wanda ya bayar bayan sallah kuwa sadaka ce kamar sauran sadakoki. Ku lura da kalmar da ta maimaitu, bayarwa. Buhun da ke jingine a zaurenka har yanzu naka ne, awakin gidanka ma suna iya yi masa ɓarna kafin gari ya waye. Malaman Malikiyya sun ce ba ta faɗuwa daga kan mai hali don lokacinta ya wuce, sai ya bayar ko da a makare, to amma falalar da ake nema ta riga ta kuɓuce masa.

Yanzu ku dubi wannan layin kwanukan a bakin injin niƙa, domin a nan ne maganar take fitowa fili. Masarar da aka miƙa wa mabuƙaci ba ta zama tuwo da miƙawa. Sai an kai ta an surfe, an dawo an bushe dusa, an wanke, an shanya ta sha rana, an sake komawa injin an niƙa, sannan a tankaɗe. Shinkafar masa ma, wadda mu mutanen Bauchi muke taƙama da ita a duk inda muka je, sai an jiƙa ta na sa'o'i, an markaɗa, an bar ƙullun ya tashi kafin ya ga tanda. Duk wannan aiki ne da matan gidanmu suke farawa tun ana saura kwana biyu, amma idan aka zo kan gidan maƙwabciya mai marayu sai mu manta cewa ita ma haka za ta yi.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan. Wata shekara na kai wa wata dattijuwa a unguwarmu masara bayan sallar isha'i a daren Sallah, ina jin kaina kamar na yi abin kirki. Ta karɓa da hannu biyu, ta zuba hannu a cikin buhun ta ɗebo ta duba, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya raya maka zuri'a. Bayan Sallah in an buɗe injin sai in aika jikana." Na ce, "Inna, gobe fa?" Ta yi murmushi ta ce, "Gobe Allah na nan." A hukunce na bayar a kan lokaci, babu malamin da zai ce ban fitar ba, amma ranar Sallar nan ba masarata aka ci a gidan ba.

Me ya sa muke makara haka kowace shekara? Dalilin yana cikin lissafin wata. Azumi yakan yi kwana 29 ko 30, kuma ba a sanin wanne ne sai a daren da kwamitin duban wata ya kammala aikinsa, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. Mai jiran sanarwa kafin ya tafi kasuwa yakan tsinci kansa da dare yana neman mai hatsi, alhali shi ma mai hatsin ya rufe rumfa ya tafi wurin aski. Magabata sun riga sun warware wannan, domin an ruwaito cewa Sahabbai suna bayarwa kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, kuma Imam Malik ya ruwaito cewa Ɗan Umar yakan aika da tasa ga mai tarawa ana saura kwana biyu ko uku. Lissafin mai sauƙi ne: ranar 29 ga wata tana cikin kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah ko an ga wata ko ba a gani ba, ranar 28 kuma tana cikin kwana biyu ko uku. A ra'ayina, wanda zai ba da masara ko dawa ya yi ranar 28 da safe, wanda ya makara kuma ya ba da shinkafar da za a iya ɗora ta a wuta nan take.

Masu miƙa zakkarsu ga kwamitin masallaci ko wata ƙungiya, ko masu tura kuɗi ta waya daga Abuja da Legas a saya musu hatsi a gida, su ma wannan maganar ta shafe su. Shigar saƙon banki ba ita ce isar abinci ba. Tambayar da ya kamata a yi wa wakili, cikin ladabi ba tare da zargi ba, ita ce ranar da za a raba da kuma unguwar da za a kai, kuma kwamitin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Kayan Sallah kuwa, wato atamfa da shadda da takalman yara, sadaka ce ta ganin dama wadda ba a ɗaure ta da kwana biyu ko uku ba, amma sai muka haɗa ta da fidda kai muna jinkirta su tare. Ku dubi wannan shagon tela a Wunti, ku ga tarin yadin da ke bayansa. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki a watan azumi ya san amsar da ake ba wanda ya zo a makon ƙarshe, idan ma an karɓa to alƙawarin tela ne, Allah ya ba mu haƙuri da juna. Yadin da aka raba wa maraya ana jibi Sallah a ƙarƙashin katifa zai yi Idi. A ba shi tun goman farko, a haɗa da kuɗin ɗinki, ko kuma a tambayi uwar ta faɗi girman yaron a sayo ɗinkakke. Haka abin yake ga maƙwabtanmu Kiristoci a Yalwa da sauran unguwanni, sai dai su ranarsu a tsaye take, 25 ga Disamba, ba su da uzurin jiran wata.

Za ku lura cewa a duk bidiyon nan ba mu nuna fuskar mai karɓa ko ɗaya ba, kuma da gangan muka yi. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, aya ta 271 kuma ta ce ɓoye ta a kai wa matalauta ya fi alheri. Ina da yaƙinin cewa wani ɓangare na jinkirin da muke gani daga nan yake, domin akwai rabon da ake riƙewa har sai babban baƙo ya samu zuwa, an kafa rumfa, mai ɗaukar hoto ya iso, mata na zaune a rana tun hantsi da katin lamba a hannu. Wanda ya kai buhu ƙofar gida bayan magariba ranar 28 ba ya buƙatar rumfa, kuɗin mai Keke Napep kawai zai biya.