Darasi: Yadda za ka tsayar da kura da ƙafa biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau kura za mu zana, mu tsayar da ita kamar mutum, irin wadda Gizo ke yi wa wayo a tatsuniya. Ni manhajar zane ta ibisPaint nake aiki da ita a waya, masu kwamfuta ku buɗe manhajar Krita. Na riga na zana ƙwarangwal ɗin mutum a leyar farko, wato shimfiɗar zane ta farko, wannan kun iya. Ku rage mata haske, ku buɗe sabuwa a bisa.

To, ƙafa. Nan za mu daɗe, don nan na sha wahala. Kusan shekara biyu ina zana dabba da gwiwa tana kallon baya, ina ganin haka Allah ya halicce su. Wata rana na je kasuwar Kara da takardar zanena, wani dattijo mahauci ya leƙa, ya ɗauko ƙafar akuya ya lanƙwasa ta gabana. Ya ce, "Yaro, wanga ba gwiwa ba ce, diddige ne. Gwiwar tana can bisa, kusa da ciki." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Wallahi daga ranar zanena ya canza.

Ku duba allo. Ga ƙugu. Cinya ta sauko gaba, gajeriya mai kauri. Ga gwiwa, tana kallon gaba kamar taku. Daga nan ƙwauri ya koma baya har diddige, wanda ke sama bai taɓa ƙasa ba. Sai dogon tafin ƙafa ya sauko, yatsu kaɗai ke taka ƙasa. Ku tashi ku yi ɗage yanzu, ku ji inda diddigenku yake, haka kura ke tafiya kullum. Yatsu huɗu za ku ba ta, ba biyar ba.

A'a, tsaya, na kai yatsun baya da yawa, za ta kife da fuska. Bari in taɓa allo da yatsa biyu in soke abin da na zana. Dabarar ita ce ka ja layi daga ramin wuya ya sauka tsaye, dole ya faɗa tsakanin yatsun ƙafa. Yawwa, yanzu ta tsaya.

Hannu ni na mutum nake ba ta, da babban yatsa, don ta riƙe sanda. Amma ina tsawaita shi kaɗan, in faɗaɗa kafaɗa, in ba ta ɗan doro, saboda ƙafafun gaba na kura sun fi na baya tsawo. In ka cire wannan, kare ka zana. Kunne kuma a zagaye. Mai tsinin kunne da geza har gadon baya sayaki ne, mutane suna haɗa su.

Wuya kada ka dasa shi ƙarƙashin kai kamar namu. Kai shi wajen ƙeya, ya yi kauri, don ya ɗauki nauyin muƙamuƙin nan mai fasa ƙashi. Wutsiya ci gaban ƙashin baya ce, daga ƙarshensa take fitowa.

 

Yanzu ku juya zanen hagu zuwa dama, masu Krita ku danna M. Kun gani? Ƙugun ya karkace, ban lura ba sai yanzu. Bari in gyara shi kafin mu sa mata riga, don in aka rufe da babbar riga ba za ka gane inda kuskuren yake ba. Wando kuma ku tsayar da shi a saman diddige, a bar ƙafar a fili.