Mako Mai Tsarki: Kwanakin da Ke Tsakanin Lahadi Biyu

Salama a gare ku 'yan'uwa. Bari mu fara da ɗan lissafi. Bisharar Markus sura 16 ce, amma tun daga sura ta 11 har ƙarshe, labarin mako guda ake bayarwa. A wurin Yahaya abin ya ma fi haka, domin daga sura ta 13 zuwa ta 17 duk maganar dare ɗaya ce. Marubutan Bishara sun ratsa shekarun hidimar Yesu da sauri, da suka iso wannan mako sai suka rage tafiya. Mu kuwa akasin haka muke yi. Ranar Lahadin Dabino majami'a cike, ranar Ista babu masaka tsinke, amma kwanakin tsakiya sai dattawa da 'yan Zumuntar Mata. To, yau a tsakiyar nan za mu zauna.

Ranar Ista ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda wata take bi: Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa takan zo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kiyaye makon kuwa tsohon abu ne. Wata mata mai suna Egeriya ta je ziyarar ibada Urushalima wajen shekara ta 381 zuwa 384, ta rubuta yadda jama'a ke gangarowa daga Dutsen Zaitun da rassan dabino da na zaitun, iyaye na ɗauke da ƙananan yara a kafaɗa.

Ranar Lahadi Yesu ya shiga birni a kan aholakin jaki, kamar yadda annabi Zakariya ya faɗa a sura ta 9. Sarakunan yaƙi doki suke hawa, shi kuwa jakin ma aro ne. Akwai wata magana da masu wa'azi ke son yi, cewa bakin da ya ce "Hosanna" ranar Lahadi shi ne ya ce "A gicciye shi" ranar Jumma'a. Tana da daɗin faɗi a bagade, sai dai Bishara ba ta ce haka ba. Matiyu ya nuna mutanen birni ne ke tambaya, "Wane ne wannan?", taron da ke tafe da shi kuma suna amsawa cewa annabi ne daga Nazarat ta Galili. Laifin masu dabinon ba lalle ne sun juya masa baya ba. Wataƙila shiru kawai suka yi ranar da ake bukatar muryarsu, wannan kuwa laifi ne da ya fi kusa da mu.

Kashegari, bisa ga Markus, ya koma Haikali ya kifar da teburan 'yan canji da kujerun masu sayar da tattabaru. Ku lura da tattabarun nan. A Dokar Musa, hadayar talaka ke nan, wanda ba shi da halin ɗan rago. Ita ce Yusufu da Maryamu suka kai lokacin da Yesu yake jariri. Wato ribar da ake ci a wurin, daga aljihun mafi rauni take fitowa. Duk fasto ko dattijon ikilisiya da ke sanya wa addu'a farashi ya kamata ya karanta wannan wuri shi kaɗai a ɗaki, kafin ya karanta wa jama'a.

Talata ranar gardama ce: harajin Kaisar, tambayar tashin matattu, doka mafi girma, da gwauruwar nan mai 'yan anini biyu. A ƙarshen wannan duka shugabanni suka yanke shawarar kashe shi, amma suna tsoron jama'a, domin gari cike yake da baƙin Idin Ƙetarewa. Suna bukatar wanda ya san inda yake kwana. Da ɗan gari akan ci gari. Yahuza Iskariyoti ya karɓi azurfa 30, kuɗin da Littafin Fitowa ya yanka a matsayin diyyar bawa. A Betanya kuma mace ta zuba masa man nardi wanda aka ƙiyasta kuɗinsa dinari 300, kusan ladan ɗan ƙodago na shekara guda. Markus ya jera labaran nan biyu kafaɗa da kafaɗa, ya bar mai karatu ya auna da kansa.

Sai daren Alhamis. Luka ya ce a kan teburin jibin nan almajirai suka shiga musun wane ne babba a cikinsu. Yahaya ya ce Yesu ya tashi, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro. Duk wanda ya taɓa wuni a kasuwa da silifa a watan bazara ya san yadda ƙafa ke komawa da yamma. Irin waɗannan ƙafafun ya wanke, aikin da bara mafi ƙanƙanta ke yi a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a lokacin Yahuza yana wurin. Bai fita ba sai daga baya, bayan ya karɓi loma. Yesu ya san abin da ke ransa, ya kuma durƙusa gabansa kamar yadda ya durƙusa gaban sauran. Bitrus ya ce faufau, ba za a wanke masa ƙafa ba. Kamar tawali'u ne, amma a ƙarƙashi girman kai ne, domin wasunmu ba da taimako ya fi mana sauƙi a kan karɓarsa. A 2013 Paparoma Francis ya kai wannan ibada gidan yarin matasa na Casal del Marmo a Roma, ya wanke ƙafafun fursunoni 12, cikinsu har da 'yan mata biyu da kuma Musulmi. Wasu sun ji daɗi, wasu sun yi gunaguni, kamar dai a daren farko.

A daren nan aka kafa Jibin Ubangiji. A ɗarikar Katolika, bayan wannan sujada akan tuɓe wa bagade kayansa, ƙararrawa ta yi shiru har daren Asabar. Daga tebur suka tafi Getsamani. Sau uku ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sau uku ya dawo ya tarar da Bitrus da Yaƙub da Yahaya suna barci. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Ina so mai jinya da ke jina ya riƙe wannan. Idan wani ya ce maka rashin bangaskiya ne ya sa ba ka warke ba, tambaye shi ko akwai mai bangaskiyar da ta fi ta wanda ya yi addu'a a gonar nan.

Mutum biyu suka faɗi a daren, Yahuza da Bitrus. Bitrus ya bi daga nesa har farfajiyar babban firist, ya zauna yana jin wuta. Wata baranya ce ta fara gane shi, daga baya harshensa na Bagalile ya tona masa asiri. Ya yi musu sau uku, har da rantsuwa, zakara ya yi cara, ya fita ya yi kuka mai zafi. Yahuza ma ya yi nadama, kada mu manta. Ya mayar da kuɗin, ya ce ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Amsar da shugabannin addini suka ba shi ita ce, "Ina ruwanmu? Kai ka sani." Ya fita ya rataye kansa. Mutum ya zo gidan Allah da nauyin laifi, aka sallame shi da "ina ruwanmu". A ganina, duk mai kiwon jama'a ya kamata wannan amsa ta hana shi barci fiye da cin amanar kanta.

Ranar Jumma'a da sassafe aka kai Yesu gaban Bilatus, gwamnan Roma a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. A 1961 masu tono suka sami dutse ɗauke da sunansa a Kaisariya. Ya ce bai sami laifi ba, ya wanke hannu, ya kuma ba da shi. A hanya aka tilasta wa Saminu Bakurane ɗaukar gicciyen. Kurane tana ƙasar Libiya ta yau, wato daga Afirka ya fito, Markus har ya ambaci 'ya'yansa Iskandari da Rufas, alamar ikilisiyar farko ta san gidan. Wajen ƙarfe 9 na safe aka gicciye Yesu, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3. Maganganu bakwai ya yi, su ne majami'u da dama ke bi ɗaya bayan ɗaya a sujadar wannan rana. Ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ya yi wa ɓarawo alkawarin Firdausi, ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajiri. Ya kuma ɗaga murya da farkon Zabura ta 22, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Ba a goge wannan daga Littafi ba, ko da yake yana da nauyin ji. Maza galibi sun watse, mata ne suka tsaya.

A nan ne bangaskiyarmu ta rabu da ta maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda ke girmama Annabi Isa amma Alƙur'ani ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Bambanci ne na gaske, ba sai an ɓoye shi ba, ba kuma sai an yi faɗa a kansa ba. A Urushalima, mabuɗin majami'ar Kabari Mai Tsarki yana hannun wasu iyalai biyu na Musulmi tun ɗaruruwan shekaru, su ke buɗe ƙofa, su ke rufewa.

Asabar ce ranar da muka fi tsallakewa. Game da mabiyansa, rabin aya kawai Luka ya ba ta: sun huta ranar Asabbaci bisa ga doka. Babu mu'ujiza, babu mala'ika. Mu da muka san ƙarshen labari muna ganin kwana ɗaya ne, su kuwa ba su san akwai Lahadi ba. Daren 14 ga Afrilun 2014, da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, Litinin ce ta Mako Mai Tsarki. Yawancinsu daga gidajen Kirista suke, da dama 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN), kuma har yau akwai iyayen da ba su ga 'ya'yansu ba. Ba a shiga irin wannan gida da waƙar nasara a baki. Ana shiga ne a zauna, a kawo abinci, a ambaci sunan yarinyar, a dawo mako mai zuwa. Ikilisiyar da ba ta iya Asabar ba, takan yi wa masu makoki gaggawa.

Lahadi da asuba mata suka nufi kabari da kayan ƙanshi, suna tambayar juna wa zai mirgine musu dutsen. Suka tarar an riga an mirgine shi. A Markus sura ta 16, saƙon da aka ba su shi ne su je su faɗa wa almajiransa, har da Bitrus, cewa ya riga su zuwa Galili. Cikin su goma sha ɗayan da suka rage, wanda ya rantse bai san shi ba, shi kaɗai aka kira da suna.