Sarkin Yaƙin da Ba a Sassaƙa Masa Mutum-mutumi Ba

Idan ka je Legas ko wasu biranen Turai, za ka ga mutum-mutumin soja tsaye a dandali, da kakinsa da bindigarsa. An taɓa kafa irinsa a Idumota a Legas a 1948, don tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙe-yaƙen duniya. To, me ya sa da wuya ka ga irin wannan a Sakkwato, garin da aka gina da jihadi?

Dalilin yana cikin addini. Malamanmu sun hana sassaƙa siffar mai rai, suna kafa hujja da hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Aliyu ya shafe gumaka, ya kuma daidaita kaburburan da aka ɗaga. Abin da ake gudu shi ne girmamawa ta rikiɗe ta koma bauta bayan an shuɗe.

Sai Sakkwatawa suka riƙe sunaye. Dubi Aliyu Jedo. Shi ne Amirul Jaishi, wato Sarkin Yaƙi, tun da aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804. Yana cikin jagororin da suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ya kuma ci gaba da jan runduna a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shekara da shekaru yana bisa sirdi. Yau akwai titi mai sunansa a cikin gari, kuma sarautar Sarkin Yaƙin Binji tana hannun zuriyarsa. Sarauta kuwa tana da rai, ana yi mata kirari, ana gadonta.

Haka Giginya. Barikin soja da filin wasa duk suna ɗauke da sunan wurin da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903.

Abin da ke damuna, jama'a, yara nawa ne ke bin titin Aliyu Jedo a kan kabu-kabu ba su san ko wane ne ba? Ba a bukatar gunki. Allo ɗaya a bakin titin, da boko da ajami, mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa da yaƙe-yaƙen da ya halarta, zai wadatar.