Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce ma'anar "stifle"?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wata ɗaliba a Zariya mai shirin rubuta jarrabawar WAEC. Ta ce ƙamus ya nuna mata "stifle" na nufin shaƙewa, amma a wani labari da aka ba su a aji ta ga an rubuta "he stifled a yawn". Shi ne take tambaya, yaya ake shaƙe hamma?

To malama, kin yi tambaya mai kyau, kuma ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba. Ana furta kalmar "staiful", ma'anarta ta asali kuwa hana numfashi. Amma ba irin maƙurewar da ake yi da hannu a wuya ba, wannan "strangle" ake ce mata. A nan iska ce ta yi ƙaranci. Ki ɗauki ɗakin girki da aka rufe ƙofa da taga, ga ɗanyen icce yana tuƙa hayaƙi, ido na hawaye, ƙirji ya yi nauyi. Ko ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu, an ɗauke wuta, ganye ko motsi ba ya yi. Wannan zafin shi Bature ke kira "stifling heat".

Daga nan aka aro ta zuwa duk abin da ke neman fita aka hana shi. Hamma ta taso wa yaro a gaban malami, ya rufe baki ya danne ta. Dariya ta zo miki a gaban surukai, kika gimtse. Kuka ya zo, aka haɗiye. Kin ga Turanci kalma ɗaya ya yi amfani da ita, mu kuwa muna da uku, kowace da mazauninta. Abin da ke damuna ke nan da wasu masu fassara a yau, komai sai su ce "daƙile". Ba a daƙile dariya, gimtse ta ake yi. Don Allah mu riƙe waɗannan kalmomi namu.

Inda "daƙile" ta dace shi ne a labaran siyasa da kasuwanci. In kin ji "stifle the press", ana nufin toshe bakin 'yan jarida, kamar yadda dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta yi a Najeriya, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian.

Masu sauraronmu na Maraɗi da Damagaram za su tuna da kalmar Faransanci "étouffer". Ita ma haka take, ta ɗauki shaƙewa, ta ɗauki dannewa, kuma ƙamusoshi da dama suna danganta asalin "stifle" da tsohuwar siffarta.

Sai wata ma'ana da ba ruwanta da numfashi: a bakin likitocin dabbobi, "stifle" suna ne na gaɓar ƙafar doki ta baya, wadda ta yi daidai da gwiwar mutum. Malama, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Wasiƙa ta gaba daga Kumasi take.