Abin da matafiya suka tono a ƙanƙarar ƙarshen duniya, da alaƙarsa da zafin da muke ji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos. Yau tafiyar tamu mai nisa ce, za mu leƙa can ƙuryar kudu da ƙuryar arewa ta duniya, inda babu gona babu bishiya sai farar ƙanƙara iya ganinka. Na san wani zai ce toh mu ina ruwanmu da can, mu da damuwarmu ita ce damina ta daina zuwa kan lokaci kuma zafin Maris yana neman fin ƙarfinmu. Ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni, amsar wani ɓangare na wannan damuwar tana binne ne a can.

Bari mu fara da wasu mutum biyar 'yan Birtaniya. Ran 17 ga Janairun 1912, Robert Scott da abokan tafiyarsa huɗu suka isa tsakiyar ƙuryar kudu a nahiyar Antaktika, suka tarar wani ɗan Norwe, Roald Amundsen, ya riga su tun 14 ga Disamban 1911 har ya kafa tutar ƙasarsa. Suka juyo, da kansu suke jan kayansu a kan ƙanƙara, ga yunwa ga sanyi, kuma cikin su biyar ɗin ba wanda ya dawo da rai. Da aka gano tantinsu a watan Nuwamba, cikin kayan da aka samu akwai duwatsu wajen kilo 16. Mutanen da abinci ya ƙare musu, ƙafafu sun lalace, amma ba su yarda sun zubar da duwatsun nan ba, kuma ni wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji girmansu a raina.

Me ke cikin duwatsun? Sawun ganyen wata bishiya ce da ake kira Glossopteris, ganyen ya zama dutse tun sama da shekara miliyan 250. Bishiya fa, a wajen da yau ko ciyawa da kyar. Kuma irin ganyen nan an same shi a Afirka ta Kudu, an same shi a Indiya, da Ostireliya, da Kudancin Amurka. Ya aka yi bishiya ɗaya ta tsallaka duk waɗannan tekunan? Ba ta tsallaka ba, ƙasashen ne a da suke haɗe wuri guda, wata ƙatuwar nahiya da masana suka sa wa suna Gondwana. A wannan shekarar ta 1912 wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya fito ya ce nahiyoyi suna motsi, yawancin masana suka ƙi yarda da shi, shi ma a kan ƙanƙarar Girinland, wani ƙaton tsibiri a can arewa, ya rasu a 1930 tun kafin a gane gaskiya ya faɗa. Mu ma muna cikin labarin, domin gaɓar Najeriya da ta Brazil a manne suke a lokacin, kuma kwarin Binuwai da ke kudu da mu nan, tsagewar ƙasa ce da ta faru sanda Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sai dai ita ba ta ƙarasa buɗewa ta zama teku ba.

Abin bai tsaya kan ganye ba. An samu kwal a duwatsun Antaktika, kwal kuwa tsohon daji ne da ya binne. A 1991 aka tono ƙasusuwan dainoso a can, wato irin dabbobin zamanin da da suka ƙare tun miliyoyin shekaru. A 2017 jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya haƙo laka daga ƙarƙashin teku a yammacin nahiyar, aka ga saiwoyin tsirrai a ciki, shaidar cewa wajen shekara miliyan 90 baya akwai daji mai dausayi kusa da ƙuryar kudu. Ƙanƙarar da ta lulluɓe nahiyar ta fara taruwa ne wajen shekara miliyan 34 da suka wuce. Ga kuma wanda ya fi ba ni mamaki, ita Sahara ɗin tamu ta taɓa kwana ƙarƙashin ƙanƙara, wajen shekara miliyan 445 baya, lokacin Afirka ce ke zaune kan ƙuryar kudu, har yau akwai duwatsu a Aljeriya da arewacin Nijar masu zanen karcewar da ƙanƙara ta yi musu tana ja.

Toh a nan ne wasu ke cewa, ai kun gani, dama can duniya tana canzawa, sanyi ya zo zafi ya zo, me ya sa za a ɗora wa hayaƙin mota laifi? Tambaya ce mai kyau kuma ba na raina mai yin ta. Amsarta tana cikin ita ƙanƙarar kanta.

A tsakiyar Antaktika dusar ƙanƙara ba ta narkewa. Ta bana ta sauka kan ta bara, ta baɗi ta zo ta danne ta bana, haka shekara bayan shekara har kaurin ya wuce kilomita 3 a wasu wurare, a inda ya fi kauri ma ya kusa kilomita 5. Yayin da dusar ke dannuwa tana zama ƙanƙara mai tauri, sai ta rufe 'yan ƙananan kumfa na iskar wannan zamanin a cikinta. Wani Bafaranshe, Claude Lorius, shi ne a 1965 ya jefa gutsuren tsohuwar ƙanƙara a kofin abin shansa, ya ga kumfa na tasowa, sai ya faɗo masa a rai cewa wannan fa iskar da ce, za a iya auna ta. Daga nan masu bincike suka riƙa huda ƙanƙarar da injin haƙa suna zaro ta doguwa, gaɓa gaɓa. Rashawa a tasharsu ta Vostok, inda aka taɓa auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifili a Yulin 1983, sun haƙo wadda ta kai shekara 420,000. Turawa a wani wuri da ake kira Dome C suka kai shekara 800,000. A Janairun 2025 kuma aka sanar an zaro wata mai tsawon mita 2,800, wadda ta kai aƙalla shekara miliyan 1.2.

Ku lura da kyau, wannan ba hasashen kwamfuta ba ne, ainihin iskar ce ake buɗewa a ɗakin gwaji a auna. Kuma ƙanƙarar ba ta mantuwa, tokar dutsen Tambora da ya yi aman wuta a Indonesiya a 1815 ta bar alama a ciki, dalmar da Rumawa suka riƙa narkawa shekara 2,000 baya an ga burbushinta a ƙanƙarar Girinland.

Abin da aka gani shi ne, cikin shekara 800,000 ɗin nan duniya ta shiga zamanin tsananin sanyi ta fita wajen sau 8, kusan duk bayan shekara 100,000, sabida ɗan sauyin da ake samu a yadda take kewaya rana. Iskar kabon kuma, wato wadda ke cikin hayaƙi mai riƙe zafi a sararin duniya, tana tafiya tare da zafin, in sanyi ya yi tsanani ta sauka wajen kashi 180 cikin miliyan, in an samu ɗumi ta hau wajen 280, amma duk tsawon wannan lokacin ba ta taɓa wuce 300 ba. A 1958 da aka fara aunawa kullum a Hawai tana wajen 315. Yau ta haura 420. Da zamanin sanyi na ƙarshe zai ƙare, sai da aka ɗauki dubban shekaru kafin ta ƙaru da wajen 80, mu kuwa mun ƙara sama da 100 cikin ƙasa da shekara 70, wato a rayuwar dattijo ɗaya, ta hanyar ƙona kwal da fetur da gas da sare daji. Saurin nan shi ne matsalar, domin daji da dabba da manomi duk suna iya sabawa da canji in ya zo a hankali, amma wannan ba ya jira.

Yanzu mu haura arewa. Can ba nahiya ba ce, teku ne da ya daskare, ƙasashe kaman Kanada da Rasha da Norwe suka kewaye shi. A 1845 John Franklin ya shiga da jirage biyu da mutum 129 yana neman hanyar ruwa ta saman Kanada, ƙanƙara ta riƙe su, ba wanda ya tsira. Amundsen ne ya fara ratsa hanyar da jirgi, shi ma sai da ya kwashe daga 1903 zuwa 1906. A 2016 wani ƙaton jirgin yawon shaƙatawa ya bi ta wannan hanyar da fasinja wajen dubu, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. Tun 1979 tauraron ɗan adam ke ɗaukar hoton ƙanƙarar tekun, kuma wadda ke saura a watan Satumba tana raguwa da wajen kashi 12 cikin ɗari duk shekara goma. Yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, dalili kuwa farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, in ta narke sai baƙin ruwan teku ya fito ya shanye zafin, shi kuma ya ƙara narkar da wata.

Akwai wani abu da mutane ke yawan haɗawa. In ka jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ta narke, kofin ba zai tumbatsa ba, tunda dama a ciki take. Haka ƙanƙarar da ke yawo a kan teku. Wadda ke ɗaga teku ita ce ta kan tudu, ta Girinland da ta Antaktika, in ta narke ko ta zame ta faɗa ruwa. Ta Girinland kaɗai in ta narke duka teku zai tashi wajen mita 7, ta Antaktika wajen mita 58. Ba wai gobe ba, wannan aikin ɗaruruwa ko dubban shekaru ne, kar wani ya tsorata ku da ƙarya. Amma tun daga 1900 teku ya riga ya tashi wajen santimita 20, kuma ga gari kaman Legas da ke kwance daf da ruwa, ko Ayetoro a jihar Ondo da teku ke cinyewa gida bayan gida, ƙaramin tashi ma ba ƙarami ba ne. Mu da ke kan tsaunin Filato teku ba zai zo mana ba, amma iskar kabon ɗin da ke narkar da can ita ce dai ke ƙara mana zafi kuma take sa ruwan sama ya riƙa zuba da ƙarfi lokaci guda, ga 'yan uwanmu nawa ke neman abinci a Legas da Fatakwal.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, akwai waken Najeriya ajiye a can arewa. A tsibirin Svalbard na Norwe an huda dutse an yi rumbun ajiye irin shuka na duniya, aka buɗe shi a 2008, kuma cibiyar IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka fara tura iri. An zaɓi wurin ne sabida ƙasar a daskare take, ko wuta ta ɗauke irin ba zai lalace da wuri ba. A ƙarshen 2016 aka yi ɗumi da ruwan sama da ba a saba gani ba, ruwa ya shiga ƙofar ramin, bai kai ga irin ba alhamdulillahi, amma sai da aka sake kashe kuɗi aka gyara mashigar.

Yanzu masu yawon buɗe ido sama da 100,000 ke zuwa Antaktika a kaka ɗaya, yawancinsu daga garin Ushuwaya na Ajantina, kwana biyu a kan teku mai hauka. Gaskiya abin yana min nauyi, domin jirgin da ya kai su kallon ƙanƙarar hayaƙinsa yana cikin masu narkar da ita, mu kuma Afirka da hayaƙinmu bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba muna cikin masu shan wahalar. Masu bincike dai dole su je. Su ne a 1985, 'yan Birtaniya a tashar Halley, suka gano rufin ozon da ke kare mu daga ɓangaren hasken rana mai cutar da fata ya huje a saman Antaktika, shekara biyu kacal bayan haka ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal aka fara hana sinadaran firij da na feshi da ke jawo hakan, kuma yanzu ramin yana rufewa a hankali.

A bidiyo na gaba in sha Allahu za mu dawo gida, mu duba tafkin Chadi da kwalekwalen Dufuna da aka tono a Yobe, wanda ya kai wajen shekara 8,000, lokacin da Sahara take kore shar. In kuna da tambaya kan ƙanƙarar nan ku ajiye min a ƙasa, sai mun haɗu.