Manhajar da ke ƙera ajinta da kanta: ajin-aji a harshen Scheme

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci. Kafin mu taɓa ko layi ɗaya na kod, ku dubi fayil ɗin da na buɗe a allo. Lissafin kayan wani shago ne. A layin sama akwai kanu uku: suna, farashi, adadi. Ƙasa da su kuma kaya ne, layi bayan layi. A ce an ba ka aikin rubuta manhajar da za ta karanta wannan fayil, ta mai da kowane layi abu guda mai gurabensa, wato wuraren ajiye sunansa da farashinsa da adadinsa. Ba wuya. Ka rubuta aji, wato tsarin da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga cikinsa, mai gurbi uku, shi ke nan. To gobe sai a kawo fayil daga wani shagon mai kanu bakwai, har da ranar lalacewar kaya da sunan dillali. Jibi a kawo wani daban. Ba ka sanin kanun sai fayil ya iso, kuma sa'ad da zai iso manhajar ta riga ta tashi tana aiki, kai kuwa kana gida kana barci. Wa zai rubuta ajin?

Manhajar ce za ta ƙera shi da kanta, tana tsakar aiki. Yau za mu ga yadda ake yin haka a Guile, wato Scheme ɗin da aikin GNU ke kula da shi, ta hanyar tsarin abubuwansa mai suna GOOPS.

Tarihin gajere ne, amma yana taimakawa. Gerald Sussman da Guy Steele ne suka fito da Scheme a 1975 a jami'ar MIT ta Amurka, kuma har yau ƙa'idar harshen ba ta zo da tsarin aji ba. Wanda ke so sai ya gina nasa. A 1991 Gregor Kiczales da Jim des Rivières da Daniel Bobrow suka wallafa littafin The Art of the Metaobject Protocol, inda suka nuna yadda za a buɗe cikin tsarin abubuwa na Common Lisp, wani harshe ɗan'uwan Scheme, har mai rubuta manhaja ya iya sa hannu ya gyara yadda aji ke aiki. Kiczales ya rubuta ƙaramin samfurin wannan tunani a Scheme, Tiny CLOS. Erick Gallesio a Faransa ya ɗora STklos a kansa, daga STklos kuma aka samo GOOPS. Saboda haka duk abin da za mu yi yau ba dabarar bayan fage ba ce. Da gangan aka bar ƙofar a buɗe.

Yanzu ku zo mu je wurin masu buga bulo. Akwai mazubi na ƙarfe, na inci shida ko na inci tara. A zuba siminti da yashi, a danna, a ɗaga, bulo ya fito. Mazubin shi ne aji, bulon shi ne abu. Yawancin masu koyo a nan suke tsayawa. Amma shi mazubin ai ba daga sama ya faɗo ba. Mai walda ne ya yanka ƙarfe ya haɗa shi, kuma yana da nasa ma'aunin da yake bi. Idan ka kai masa sabon awo, zai haɗa maka sabon mazubi yau ɗin nan. Wannan ma'aunin da ake ƙera mazubi da shi, shi ne abin da zan riƙa kira ajin-aji: aji ne wanda abubuwan da ke fitowa daga cikinsa su ma azuzuwa ne.

Mu gwada a allo, kada ku ɗauki maganata kawai. Na shigo da GOOPS, na rubuta define-class, na yi aji mai suna kaya. A al'adar GOOPS ana sa sunan aji tsakanin alamar ƙasa-da da ta fiye-da, shi ya sa kuke ganin sa haka. Na yi abu ɗaya daga cikinsa da make, sannan na tambayi class-of: wannan abu ɗan wane aji ne? Ya ce kaya. Madalla. Yanzu sai na juya tambayar kan shi kaya ɗin kansa. Ga amsa: class. Wato ajin da na rubuta shi ma abu ne zaune a cikin memori, yana da gurabensa, ɗaya na sunansa, ɗaya na iyayensa, ɗaya na jerin guraben da zai ba 'ya'yansa. Sai tambaya ta uku: shi class ɗin fa, ɗan wa ne? Amsa: class. Shi ne ajin kansa. A nan misalin bulo ya gaza, don babu mazubin da ya zuba kansa, amma da wannan ƙulli ne aka hana tambayar tafiya har abada.

In dai aji abu ne, to make ɗin da ke yin bulo shi ne zai yi mazubi. Wannan ita ce maganar bidiyon nan gaba ɗaya, sauran duk bayani ne.

To me ya hana mu miƙa wa define-class kanun fayil ɗin kawai? Shi define-class makro ne, ba fankshan ba. Makro yana duban rubutun da ka sa masa ne tun kafin manhaja ta fara gudu, ba ya jiran ƙimar da ke ciki. Idan ka tara kanunka a cikin wani suna, a ce kanu, ka rubuta shi a wurin gurabe, ba zai leƙa ciki ba. Zai yi maka aji mai gurbi guda ɗaya tak, sunansa kanu. Ku gani a allo, ga shi nan, ba ko ƙorafi.

A nan ne mutane da yawa ke kama hanyar eval, fankshan ɗin da ke aiwatar da duk kod ɗin da aka miƙa masa ana tsakar aiki, kuma ni ma na bi ta. Na taɓa rubuta manhajar da ke manna guntayen rubutu har su zama umarnin define-class cikakke, sannan ta miƙa wa eval. Ta yi aiki lafiya lau har ranar da aka kawo fayil wanda wani kanu nasa ke ɗauke da buɗaɗɗen baka ba a rufe ba. A Scheme kuwa baka ita ce ƙashin bayan komai. Manhajar ta tsaya cik. Na gyara, amma abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan: idan baka guda ta iya shiga kod ɗina daga fayil, to wanda ya san abin da yake yi zai iya shigo da umarni cikakke, manhajata kuma ta aiwatar masa. Tun ranar ban sake ba.

Hanyar da ta dace tana nan kusa. Idan ka warware define-class, za ka tarar yana kiran wani makro mai suna class, shi kuma yana kiran fankshan mai suna make-class. Wannan fankshan ne na yau da kullum, yana karɓar ƙima. Ka ba shi jerin iyaye, ka ba shi jerin gurabe, sannan zaɓuɓɓuka irin su suna. Can ƙasa kuma shi ma make yake kira a kan ajin-aji.

Mu gina jerin guraben a hankali. Na ɗauki kanu na farko, rubutu ne, suna. Na mai da shi simbol da string->symbol, ya zama sunan gurbi. Sai na sake mai da simbol ɗin kalmar shigarwa da symbol->keyword, na haɗa ta da zaɓin init-keyword, domin in na zo yin abu in iya cewa ga sunansa, ga farashinsa. Na bi duk kanun da map, na sami jerin gurabe. Na miƙa wa make-class. Ga aji ya fito, mai gurbi uku. Na canja fayil, na sake kira, ga wani mai gurbi bakwai. Ko da kanu ya zo da baka goma, sunan gurbi kawai zai zama, ba wanda zai aiwatar da shi.

Akwai tuntuɓe biyu a nan. Na farko, define-class yana yi maka wata hidima a ɓoye: idan ka ce kana son accessor, wato fankshan ɗin karanta gurbi da rubuta a cikinsa, mai suna kaza, shi ke ƙirƙiro fankshan ɗin ya ɗaura masa sunan. Make-class ba ya yin wannan, fankshan ɗin kansa yake so a hannu, ba sunansa ba. Ga aji irin namu da ba a san gurabensa tun farko ba, ni dai slot-ref na karanta gurbi da slot-set! na rubuta a cikinsa nake amfani da su, tunda suna karɓar sunan gurbi a matsayin ƙima. Na biyu, idan kana son kowane abu ya fara da nasa sabon teburi ko jeri, kada ka sa shi a init-value, don ƙima ɗaya ce za a raba wa kowa, wanda ya taɓa nasa ya taɓa na kowa. Ka ba init-thunk fankshan da za a kira sabo duk lokacin da aka yi abu.

Har yanzu da ajin-ajin gida muke aiki, wato class. Yaushe ne mutum zai yi nasa? Sai lokacin da yake da dokar da yake son kowane aji ya bi tun daga haihuwa. Ku dubi wannan matsala. Na karanta fayil ɗaya sau biyu, na sami aji biyu masu suna ɗaya da gurabe iri ɗaya. Na ɗauki abu daga na farko, na tambayi is-a? ko ɗan na biyu ne. Ya ce a'a. Suna ɗaya ba ya sa su zama ɗaya, kamar yadda Musa biyu a unguwa ba mutum ɗaya ba ne. Metod, wato fankshan ɗin da ka rubuta wa aji na farko, ba zai kula abubuwan da aka yi daga na biyu ba. Muna bukatar rajista.

Sai na rubuta sabon aji da define-class, na sa class a matsayin mahaifinsa, na kira shi mai-rajista. Gadon class da ya yi shi ya mai da shi ajin-aji, ba wani abu ba. Sannan na rubuta metod na initialize a kansa. Ku lura da kyau: wannan initialize ba ya gudu idan an yi bulo, yana gudu ne idan an yi mazubi. Layin farko a cikinsa next-method ne, mai kiran initialize ɗin da aka gada daga class, kuma dole ya zo farko, domin shi ke cika sunan ajin, ya lissafa jerin gadonsa da gurabensa. Idan ka nemi sunan kafin nan, ba a riga an sa shi ba. Bayan ya dawo sai in rubuta ajin a teburin rajista. Yanzu in na kira make-class sai in ƙara zaɓin metaclass in ba shi mai-rajista, kuma kafin in yi sabon aji sai in fara duba teburin. Daɗin abin, duk ajin da ya gaji ɗaya daga cikin waɗannan zai ɗauki ajin-ajin mahaifinsa ba sai an faɗa ba, shi ma ya shiga rajista.

Ƙofofin ba initialize kaɗai ba ne. Akwai compute-slots, inda za ka iya ƙara wa kowane aji gurbi, misali lambar layin da abu ya fito a fayil. Akwai compute-cpl mai tsara wa ke gaba da wa a gado. Wanda na fi so shi ne compute-get-n-set. Shi ke yanke yadda za a karanta gurbi da yadda za a rubuta a cikinsa. Kana iya mayar masa da fankshan biyu naka, na karatu da na rubutu, ta yadda gurbin zai riƙa ɗauko ƙimarsa daga rumbun bayanai, ko ya ƙi karɓar farashin da ya gaza sifili. Mai kiran slot-ref ba zai ga bambanci ba.

Ga wani abu da ke burge ni. A ce aji zai gaji iyaye biyu, kowanne da nasa ajin-ajin daban, ba wanda ya gaji wani. A Python, kuskure za a jefo maka, a ce ka je ka sasanta su da kanka. A GOOPS akwai fankshan mai suna ensure-metaclass. Yana duba azuzuwan-ajin iyayen, in ya ga babu guda da ya ƙunshi sauran, sai ya ƙera sabo nan take wanda ya gaje su duka. Wato abin da muke koyo yau, shi kansa GOOPS yana yin sa a cikin gidansa.

Abu biyu kafin mu rufe allo. Duk ajin da ka ƙera ana rubuta shi a jerin 'ya'yan mahaifinsa, za ku iya gani da class-direct-subclasses. Muddin yana cikin wannan jeri, mai kwashe shara, wato sashen Guile da ke share abin da aka daina amfani da shi, ba zai ɗauke shi daga memori ba. Don haka aji ɗaya ga kowane nau'in fayil, ba ɗaya ga kowane karatu ba, in ba haka ba manhajar da ke kwana tana aiki za ta yi ta kumbura. Sannan idan kuna kan Guile 3.0, wanda ya fito a 2020, ku sani sake fasalta aji ba ya sauya tsofaffin abubuwan da aka riga aka yi da shi. Wanda ke son su bi sabon fasali sai ya nemi hakan tun farko, ya ba ajinsa ajin-aji mai suna redefinable-class. Ku gwada da fayil ɗin shagon nan: ku yi ajin kaya da define-class a ƙarƙashin wannan ajin-aji, ku yi abu ɗaya, ku ƙara gurbi na huɗu ku sake fasalta ajin, sannan ku nemi sabon gurbin a jikin tsohon abun.